Awa ɗaya da rabi a fili: me za a fara da shi, me za a rufe da shi?

KocinLayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina riƙe da ƙungiyar yara a unguwarmu nan Kano, 'yan shekara 14 zuwa 17, muna atisaye bayan la'asar a filin wata firamare. Tsarin da na gada daga wanda ya horar da mu shi ne: da an zo a zagaye fili sau goma, a yi tsallen kwaɗo daga raga zuwa raga, a zauna a miƙe jijiyoyi, sannan a raba a buga har a kira magariba. To tun da zafin nan ya kankama yara ke kawo kukan bayan cinya da matsematsi. Makon jiya kuma jiri ya ɗebi wani ana cikin zagaye, sai da muka kai shi inuwa. Iyaye sun fara magana, ni ma hankalina bai kwanta ba. Awa ɗaya da rabi nake da ita. Me zan fara da shi, me zai biyo baya, me zan rufe da shi? Don Allah masu sani a taimaka.

TsohonGola:
Wa alaikumus salam Koci. Ni ban ga abin da tsarin nan ya yi ba. Da shi aka taso da mu, kuma mun buga minti 90 a rana tsaka ba wanda ya faɗi. Yaran yanzu ne ba su da jimiri. Su raba dare a kan waya, su zo fili cikinsu ba komai sai lemon kwalba. Ka rage zagaye yau, gobe su ce ƙwallon ma ta yi nauyi.

Fisiyo_Kaduna:
Koci, sannu da ƙoƙari. Baba TsohonGola yana da gaskiya a maganar barci da abinci, amma ni a jerin aikin nake ganin matsalar. Yanzu kana sa abu mafi gajiyarwa a farko, abu mafi hatsari a ƙarshe. Yaro ya gama zagaye goma da tsallen kwaɗo, ƙafarsa ta mutu, sannan a ce ya yi gudun tsere da bugu mai ƙarfi. A irin wannan lokacin tsokar bayan cinya ke tsagewa, domin ita ke taka wa ƙafa birki idan mutum ya ware da gudu, kuma in ta gaji ba ta iya riƙewa.

Ga yadda ake jerawa. Da farko ɗumama jiki, wajen minti 20, a fara da sassarfa a riƙa ƙara sauri. Daga nan duk abin da ke son jiki sabo: gudu gajere mai sauri, juyi, koyon sabuwar dabara. Yaro ya yi mita 15 ko 20 da iya ƙarfinsa, ya dawo da tafiya, ya huta sosai kafin ya sake. In ka ga yana haki kafin ya tashi na gaba, ba sauri kake koya masa ba kuma. Sai aikin ƙwallo da tsarin wasa. Sai wasan 'yan kaɗan-kaɗan, huɗu da huɗu ko biyar da biyar a ƙaramin fili, wanda shi zai ba su numfashin da kake nema a zagaye. A ƙarshe a sauko da jiki: tafiya, sassarfa mai laushi, miƙe jijiyoyi a natse.

Miƙewar da ake zama a riƙe ƙafa tsawon lokaci, ka mayar da ita ƙarshe. Kafin wasa motsi ake so: ɗaga gwiwa, dukan ɗuwawu da dunduniya, buɗe ƙugu waje da ciki ana tafiya. Tsallen kwaɗo daga raga zuwa raga kuwa, a ƙasa mai tauri, ka bar shi gaba ɗaya. Yaran da ke cikin girma suna yawan samun ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wajen ɗan tudun nan na saman ƙwauri, kuma wannan tsallen na ƙara hura shi.

Lamba10:
Wallahi abin da Malam Fisiyo ya faɗa haka yake. Mu a kulob ɗinmu in aka gama zagaye ƙafata kamar ba tawa ba, ko tarar ƙwallo ba na iya yi da kyau. Sai koci ya yi ta faɗa wai ba mu da natsuwa.

MalaminPHE:
Bari in ɗora a kan maganar ɗumama jiki, don kada kowa ya ƙirƙiro nasa. Akwai shiri da ake kira FIFA 11+, cibiyar binciken lafiya ta FIFA ce ta fitar da shi a 2006 tare da masana daga Oslo da Santa Monica. Minti 20 ne, motsi 15, kashi uku. Kashin farko minti 8 na gudu a hankali bibbiyu: miƙe, buɗe ƙugu, zagaye abokin gudu, tsalle a haɗa kafaɗa, gaba da baya da sauri. Na biyu minti 10 na ƙarfafa jiki: kifewa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe, irin wannan ta gefe, aikin bayan cinya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsuguno, da tsalle ana kula da yadda ake dira. Na uku minti 2 na gudu mai sauri da yanke kwana. Aƙalla sau biyu a mako ake so a yi.

Kada wani ya ce abin Turawa ne kawai. An gwada shi a Legas a gasar matasa ta Lagos Junior League, ƙungiyoyi 20, yara maza 'yan shekara 14 zuwa 19, aka buga sakamakon a 2014. Ƙungiyoyin da suka yi shi raunukansu sun ragu da kashi 41 cikin ɗari, na ƙafa kuma da kashi 48. Shekarun yaran Koci ke nan daidai. Ba ya buƙatar kayan aiki. In babu alamomin roba, robar ruwa a cika ta da yashi ta wadatar.

TsohonGola:
Malam, na ji. Amma wannan kifewa da durƙuso a filin da tsakuwa ta fi ƙasa yawa fa? Ka taɓa ganin filin firamare a watan Afrilu? Gwiwar yaro za ta saɓule kafin ya ƙarfafa komai.

Dogo_Na_Baya:
Baba, kwali muke shimfiɗawa ko tsohon buhu a ninka. Aikin bayan cinyar nan ni na san amfaninsa. Ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali ba tare da ka lanƙwasa ƙugu ba, in ka kasa riƙewa ka tare da hannu. Amma Koci ka fara musu da uku zuwa biyar kawai. Wanda bai saba ba in ya yi da yawa, kwana biyu zai yi yana tafiya da ƙyar, kuma kada a fara shi ana gobe wasa.

Tun da Baba ya ambaci tsakuwa: kafin a taɓa ƙwallo mukan jeru a layi ɗaya mu taka filin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kowa na tsintar kwalba, ƙusa da dutse. Filin da ake biki da cin kasuwa a cikinsa ba a yarda da shi. A kuma girgiza turakun raga a ga ko sun kafu.

Nas_Zariya:
Kowa ya tafi kan cinya, ni kuwa yaron da jiri ya ɗiba ne ya tsaya min a rai. Koci, ka tambaye shi abu uku. Ya yi zazzaɓi a kwanakin nan? Ya ci abinci ya sha ruwa a ranar? Ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana gudu? In amsar ta ƙarshe e ce, ko kuma a danginsu an taɓa samun matashin da ya faɗi ya rasu ba ciwon komai, kada ya sake taka fili sai likita ya duba zuciyarsa. Mai zazzaɓi kuma ba ya atisaye, ko da ya ce ya sha magani ya ji sauƙi.

Sannan ku san rukunin jinin yaranku. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila amma ba shi da ciwon. Mai AS yana ƙwallonsa lafiya lau, ba a hana shi, amma gudun ƙure ƙarfi ba hutu, cikin zafi da ƙishirwa, ya fi yi masa hatsari. In irin wannan yaron ya ce ƙafafunsa sun saki ko numfashi ya gagara, a tsayar da shi nan take, ba a ce masa rago ba.

Alamar da ba a wasa da ita a zafi ita ce ruɗewa. Yaro ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko faɗa ba dalili, jikinsa ya yi zafi rau. Wannan ba gajiya ba ce. A kai shi inuwa, a cire riga, a yi ta kwarara masa ruwa a jiki duka, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi in akwai, ana yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Farasitamol ma ba ya maganin wannan zafin.

UwarƊanWasa:
Allah ya saka da alheri Anti Nas. Ni uwa ce, ba na ƙwallo, amma ina da tambaya. Ɗana ya ce kocinsu ba ya barin su sha ruwa sai an tashi, wai ruwa na sa ciki ya yi nauyi kuma yana kashe juriya. Yaron nan yakan dawo gida leɓensa a bushe, kansa na ciwo, ko abincin dare ba ya iya ci. Wannan horo ne ko azaba?

Nas_Zariya:
Hajiya, ba daidai ba ne, kuma ki je ki same shi da kanki cikin mutunci ki faɗa masa. Jiki ba ya koyon jure rashin ruwa. Abin da yake koyo shi ne jure zafi, shi ma a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma da ruwa ake yi. Ki riƙa ce wa ɗanki ya duba fitsarinsa: in ya yi duhu kamar shayi, ruwa bai ishe shi ba tun kafin ya je fili.

MalaminPHE:
Ko manyan 'yan wasa ana tsayar musu da wasa su sha ruwa. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, wasan Holan da Meziko a Fortaleza, alƙalin wasa ya tsayar da wasa wajen minti na 30 da kuma na 75 saboda zafi. Mutanen da ke da likitoci a gefen fili ke nan. Yaranmu da ke buga ƙwallo a garin da zafi ke kai digiri 40 a Afrilu fa? Duk minti 15 zuwa 20 a busa usur a sha. Mai son ya gane da idonsa ya auna nauyin yaro kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita.

KocinLayi:
Ni ba na hana shan ruwa, amma gaskiya ba na tsayar da atisaye dominsa, wanda ya zo da nasa ya sha. Matsalar ita ce yawancinsu ba sa zuwa da shi, ni kuma ba albashi ake ba ni ba, ba zan iya sayen jakar fiya wata kullum ba. Anti Nas, na tambayi yaron. Ya ce ya yi zazzaɓi kwana biyu kafin ranar, ya ɓoye don kada a cire shi daga wasan Asabar.

Kyaftin_Fagge:
Koci, jarka biyu muke cikowa daga gidan da ke kusa da fili, a lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa. Kowane yaro da robarsa, ba a haɗa baki. An raba kwanaki, yau wane da wane ne masu ɗauko ruwa. Wanda bai zo da roba ba ba ya shiga rabo. Cikin mako guda kowa ya saba.

Ɓoye ciwon nan kuma ba yaronka kaɗai ba ne. Muddin yaro ya san in ya ce ba shi da lafiya zai rasa rigarsa, ba zai faɗa ba. Sai ka furta a gabansu duka cewa wanda ya huta don ciwo matsayinsa na nan yana jiransa.

ƊanMaraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan wajenmu kokowa ta hi ƙarhi, kuma abin da kuke hwaɗi na gani wurin 'yan kokowa masu shirin gasar takobi. Ba wanda ke shiga hili da rana tsaka. Da sanyin sahiya ake gudu cikin rairayi, marece a yi kamu. Kuma babban ɗan kokowa ba ya kama abokinai da ƙarhi tun shigowa, sai sun ɗan yi ture-ture jiki ya saki. Abin da nike son in ƙara ma Koci: kar ka haɗa ɗan shekara 14 da ɗan 17 wurin karo. Tsakaninsu akwai nauyi mai yawa. Ka raba su bisa girman jiki in za a yi aikin ƙwace ƙwallo.

Ladan_Ƙarami:
Tun da ana maganar ruwa, in azumi ya zagayo yaya za a yi? Mu dai mukan rufe atisaye gaba ɗaya, bayan salla kuma a dawo a shiga gasa kai tsaye, sai ka ga rabin ƙungiya na ɗingishi.

Fisiyo_Kaduna:
Ɗingishin daga dawowar yake, Malam Ladan. Jikin da ya huta wata guda ba a mayar da shi inda ya tsaya rana ɗaya, sai an ba shi mako biyu zuwa uku ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Ya fi kyau kada a rufe. A yi aiki marar nauyi na minti 40 zuwa 45 dab da shan ruwa, ba da ƙwallo da tsarin tsayuwa, yadda ana tashi ana kiran salla. Aiki mai nauyi a bar shi sai bayan asham in akwai fili mai fitila, lokacin an sha ruwa abinci ya faɗa. Abin da ba na so shi ne a sa mai azumi gudun ƙure ƙarfi da ƙarfe huɗu na yamma.

Dattijo89:
'Ya'yana, maganar Nas ta tuna min da ranar da ba na mantawa. 12 ga Agusta 1989, Najeriya da Angola a babban filin wasa na Surulere, wasan neman gurbin kofin duniya. Samuel Okwaraji ya faɗi ana saura kaɗan a tashi, ba wanda ya taɓa shi, yana ɗan shekara 25. Bayan shekara 14 muka sake ganin irinta ga Marc-Vivien Foé na Kamaru a Lyon, a wasansu da Kolombiya. Su waɗannan ƙarfafa ne, ba ragwaye ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana ce wa yaron da ya dafe ƙirji tashi ka ci gaba. Ku dubi Christian Eriksen na Denmark a 2021 a Kopenhagen. Zuciyarsa ta tsaya a fili, aka danna masa ƙirji nan take aka sa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya, ga shi ya dawo ya ci gaba da ƙwallo. Ajali na hannun Allah, amma an umarce mu da riƙo da sababi. A cikin ku masu riƙe da yara, mutum nawa ne suka iya danna ƙirji?

Nas_Zariya:
Baba ya taɓo inda ya kamata. In ɗan wasa ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi ko yana wani irin gurnani, a ɗauka zuciya ce. Ko jikinsa na ɗan fizga kada a tsaya cewa farfaɗiya ce ko iska. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya a kan ɗaya, a danna ya shiga kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, ana karɓar juna in an gaji. Wani kuma ya nemo mota. Ba a cusa cokali a baki, ba a taru a kansa ana ɗaga shi zaune. Karatu a nan bai isa ba, ku nemi ma'aikacin lafiya a unguwa ko 'yan Red Cross su nuna muku da hannu, koci da kyaftin da manyan yara biyu aƙalla.

Wanda kuma aka yi karon kai da shi ya ga jiri, ko ya rasa inda yake ko na ɗan lokaci, ya gama wasa a ranar, ko ya rantse ya warke.

Kyaftin_Fagge:
Akwai abin da ba a faɗa ba, kuma duk wanda ke harkar ƙwallon unguwa ya san shi: ƙwaya. Yara na shan tramadol kafin wasa wai don kada su gaji ko su ji ciwo. Sai yaro ya buga a kan targaɗe bai sani ba, washegari ƙafa ta kumbura suntum. Ga shi tana sa wasu farfaɗiya. WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta haramta ta a lokacin gasa tun daga Janairun 2024, don haka duk yaron da ke mafarkin zuwa waje ya sani. Koci, in ka ga yaro ya zo idonsa a juye, kada ka sa shi, ka kuma zauna da shi kai da shi bayan an tashi.

Lamba10:
To in an yi targaɗen fa? Mu dai wurin mai ɗori ake kai mu ya ja ya murza.

Fisiyo_Kaduna:
Ƙanena, sabon targaɗe ba ya son murza ko ruwan zafi a kwana biyun farko, kumburi suke ƙarawa. Ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a naɗe da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar. In mutum ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu, ko ƙashin idon sawun kansa ke ciwo in an taɓa, a je a yi hoto. In ciwon ya lafa a fara motsa ta da tsayuwa da ƙafa ɗaya, don wanda ya koma fili bai yi wannan ba, ƙafar nan za ta sake gurɗewa.

TsohonGola:
A nan kam ba zan yi shiru ba. Masu ɗori sun yi wa mutane da yawa amfani tun kafin a san hoto, gado ne a wasu gidajen. Kada a raina su.

Fisiyo_Kaduna:
Ban raina su ba Baba, da yawansu ma yanzu su ke cewa a kawo hoto tukuna. Abin da muke gani a asibiti ne ke sa mu magana: ɗaurin da aka matse a kan gaɓar da ke kumbura har jini ya daina zagayawa. In yatsu suka yi sanyi, ko suka canja launi, ko ciwo ya ƙaru bayan ɗauri, a kwance a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

AntinHandbol:
Ina horar da 'yan mata ƙwallon hannu a makarantar sakandare, kuma ina karanta ku tun ɗazu. Abu ɗaya zan ƙara a kan shirin da Malamin PHE ya kawo: in koci bai tsaya yana kallo ba, yara za su yi motsin ne kawai a wuce wurin. Ka tsaya a gabansu ka kalli gwiwa lokacin dira da lokacin yanke kwana. Kada ta faɗa ciki, ta tsaya saitin yatsun ƙafa, a dira a kan gaban tafin ƙafa gwiwa a ɗan lanƙwashe. 'Yan mata sun fi maza saurin tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, amma maza ma ba su tsira ba, kuma aikinta kuɗi ne da yawancin iyaye ba su da shi. Tsalle biyar masu kyau sun fi min ashirin na garaje.

Sannan ku daina hukunta yara da motsa jiki. Wanda ya makara a sa shi kwashe kaya ko ɗauko ruwa. In gudu ya zama horon laifi, yaro zai tsane shi.

KocinLayi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsara, a duba min. Za mu koma farawa ƙarfe 5 maimakon 4 da rabi. Tsintar fili da tambayar wa ba shi da lafiya kafin a fara. Minti 20 ɗumama jiki irin na 11+. Ruwa. Minti 20 ba da ƙwallo da tarewa. Minti 25 biyar da biyar, da hutun ruwa a tsakiya. Minti 10 gudun tsere gajere. Minti 10 saukar da jiki da miƙewa. Litinin zuwa Juma'a, wasa Asabar.

Fisiyo_Kaduna:
Ya yi kyau Koci, gyara biyu. Gudun tseren ka dawo da shi bayan ɗumama jiki kai tsaye, domin a tsarin nan naka ya sake faɗawa inda ƙafa ta gaji. Na biyu, kwana biyar masu nauyi a jere sannan wasa ya yi yawa. Ka sa nauyi Talata da Laraba ko Talata da Alhamis da sassauci a tsakani, Juma'a ta zama mai sauƙi: bugun kwana, bugun tazara, tsarin tsayuwa, a tashi da wuri. Litinin ma kada ta yi tsanani ga waɗanda suka buga wasa cikakke. Lahadi hutu na gaske, ba su tafi wata unguwa su buga gasar kuɗi ba.

TsohonGola:
To ni dai har yanzu ina nan a kan bakata a abu ɗaya. Biyar da biyar ba zai ba yaro numfashin minti 90 a babban fili ba. Ko sau ɗaya a mako a yi dogon gudu, in ya so a mayar da shi bayan asuba da sanyi. Kuma duk tsarin nan ban ga inda aka sa gola ba. Shi ma zagayen zai yi ta yi da ku, ko tsayawa zai yi a raga jikinsa ya huce har a fara yi masa ruwan ƙwallo?

MalaminPHE:
Baba, dogon gudu da asuba kafin a shiga kakar wasa ban ƙi ba, in ba a haɗa shi rana ɗaya da aiki mai nauyi ba. Amma in aka faɗaɗa fili aka yi takwas da takwas na minti 8 sau uku, za ka sha mamakin hakin da za su yi. Maganar gola kuwa gaskiyarka ce, kuma kai ya kamata ka ba mu wannan.

Dogo_Na_Baya:
Koci ka kuma shirya wa farkon damina. In hadari ya haɗo aka fara tsawa a bar fili, kada a fake a gindin bishiya ko jikin turakun raga, a shiga aji. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba a dawo.

TsohonGola:
Gola ya yi kashin farko na ɗumama jiki tare da kowa, sannan a ware shi da mutum ɗaya. A fara jefa masa ƙwallo da hannu saitin ƙirji, sai sama, sai ƙasa, kafaɗa da yatsu su saki. Faɗuwa a fara ta daga zaune, sai daga durƙuso, sannan daga tsaye, kuma a gefen jiki ake sauka ba a kan gwiwar hannu ba. A irin filinku sai an tona gaban raga an zuba yashi, in ba haka ba ƙugunsa ba zai kai ƙarshen wata ba. Koci, gola nawa gare ka, kuma suna da dogon wando mai soso ko da gajere suke faɗuwa?